Shekarar da Ɓeraye Suka Yi Azumi a Gidanmu

Markar bana ta yi kwana huɗu ba ta ɗauke ba, a na biyar bangon ɗakin ƙofar gida ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo, dama tarkace muke tarawa a ciki. Muna kwashe ƙasa sai shebur ya ci karo da wani murfin waya, ya yi tsatsa har ya koma ja. 'Yata Hauwa ta ɗaga shi tana tambaya ko na gashin kifi ne. Na ce mata a'a, rufin ɗakin wasu manyan baƙi ne da suka sauka a gidan nan tun tana goye, suka ci suka ƙoshi a lokacin da mu masu gida muke ƙirga loma. Ta ɗauka wasa nake yi. Ni kuwa tun ranar warin fitsarin ɓera ya dawo mini hanci, ya ƙi tafiya.

Shekara goma sha biyar ke nan, ko ma da ɗoriya. A waccan shekarar azumi ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma yana gona bai ko fitar da kai ba. Yanzu azumi ya zagayo cikin rani, ga ƙanƙara a kowane lungu, ga shinkafar rani da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. A lokacin ba mu da ko ɗaya. Noman shekarar da ta gabata tsuntsayen jan-baki sun cinye rabi, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyar ruwan da ke shiga gonarmu ta fadama, abin da aka samu bai kai mu ƙarshen bazara ba. Sai kuma kogi ya cika da wuri. Kullum da safe maza sukan je bakin jinga, wato tudun ƙasar da ya tare ruwa daga shiga gari, su duba sandar da aka kafa, su dawo fuska a ɗaure.

Mu uku ne a gidan: Iya mahaifiyarmu, da ni da na dawo gida bayan rasuwar mijina, da Hauwa. Bandar kifi nake yi, ita ke riƙe da mu. Amma idan kogi ya cika kifi bazuwa yake yi cikin ciyawa, masunta su dawo da abin da bai cika ƙwarya ba, sai in wuni ina hura ɗanyen itace a kan tarwaɗa goma.

Sai na huɗunmu, Bukar, ƙanena, autan Iya. Shi kaɗai ya yi dogon karatu a zuri'armu, yana digiri na biyu a wata jami'a, kuma tun yana ajin farko ya daina cewa "ban sani ba". Duk wahalar da muka sha a kansa mun sha ta ne da sa ran ranar da zai karɓo takardar nan, ya samu aiki, Iya ta huta. Saura masa gwaji ɗaya, in ji shi, gwajin da ya shekara uku yana shiri a kansa.

Ana saura kwana uku a ga wata ya iso a motar haya, an jera akwatunan roba goma sha biyu a kujerar baya, shi kuma ya matse a gaba. Mata suka leƙo ta katanga. Wata har ta yi wa Iya barka, ta ce ɗa ya kawo kayan azumi. Ni ma, Allah ya sani, zuciyata ta yi fari, na hango sukari da gero. Da hannuna na buɗe akwatin farko. Ɓeraye ne. Farare tas, idanu jajaye, suna ɗaga hanci suna shinshina ta kamar ni ce baƙuwar.

"Yaya, rufe! Kada ki yi musu numfashi," in ji Bukar.

"Ni zan yi musu numfashi, ko su za su yi mini?"

Ya ce malaman jami'a sun tafi yajin aiki, an kulle ɗakin dabbobi, ba wuta, ba ruwa, ba mai shara. Farfesansa, wanda ya samo irin ɓerayen daga ƙasar waje, ya ce ya kwashe su ya kai inda zai iya kula da su, ya ƙarasa gwajin a can. Farfesa yana da gida mai ɗakuna da yawa, har da janareta, amma matarsa ba ta son wari. Mu kuwa an san hancinmu na talakawa ne, duk abin da ya samu shaƙa yake yi.

Washegari da hantsi Iya ta sa shi a gaba, ta ce ya gaya mata abin da zai sa mutum mai hankali ya yi kiwon abin da kowa ke neman kashewa. Ya gyara zama, dama abin da yake jira ke nan. Ya ce a cikin hanta akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, a tsakiyar kowace ƙwaya kuma akwai wani sinadari, furotin, da aikinsa karɓar saƙo. Idan dabba ta daɗe ba ta ci ba, saƙo yakan iso masa cewa abinci ya yanke, sai ya buɗe ajiyar jiki, a ƙona kitse, a saki sukari cikin jini. Amma shi kaɗai ba ya iya buɗewa. Sai wani furotin, abokin aikinsa, ya zo ya manne masa, sannan abu ya yiwu.

"Kamar jinkar rumbu," in ji Iya. "Mutum ɗaya ba ya ɗaga ta."

"Kusan haka," ya ce, yana jin haushin an riga shi.

Rabin ɓerayen lafiyarsu ƙalau. Sauran rabin, masu huda a kunnen dama, an haife su ba su da wannan abokin, kuma da gangan aka yi su haka. Aikinsa shi ne ya hana su abinci daga safiya zuwa safiya, ruwa kawai, sannan ya ɗiga jinin wutsiyarsu a wata 'yar na'ura irin ta masu ciwon sukari, ya rubuta. A ƙarshe ya cire hantarsu ya zuba a kwalabe ya kai wa Farfesa, a duba yadda furotin ɗin ya kasance ba abokinsa.

"Wato za ka danne musu rumbu ka ga ko za su mutu," Iya ta ce.

"Iya, ilimi ne."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ni na ce da ya tambaye mu ai da ya huta da ɗaukar ɓeraye, ga mu nan mun fi wata biyu muna wannan gwajin kyauta. Bai yi dariya ba.

Aka ga wata, gida ya kasu biyu. Da an idar da sallar asuba nakan hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika tsakar gida ya ƙi tashi saboda iska ta yi nauyi. Tukunyar farko ba tamu ba ce. Ruwan ɓeraye ne, sai an tafasa shi, an tace, an bar shi ya huce, alhali mu na rijiya muke sha, ja kamar shayi. Daga nan in je injin casa in roƙo ɓuntun shinkafa, a baza a zaure ya sha iska, a shimfiɗa musu, don ba a yarda ƙafarsu ta taɓa danshi ba. Mu namu shimfiɗun sun yi funfuna, ka kwanta ka tashi da warin tsohuwar randa a jikinka.

Abincin da ya zo musu da shi ya ƙare a kwana na shida. Sai Bukar ya fito da takarda: masara kaza, waken suya kaza, garin kifi kaza. Masarar ita ce 'yar wadda Iya ta ɓoye don kunun Hauwa da tuwon Sallah. Kifin kuwa nawa ne, ɓurɓushin banda da nake tarawa in jefa a miya don ta yi ƙamshin wani abu. Ni na daka, ni na tankaɗe, ni na cura ƙanana-ƙanana na gasa a kasko, da azumi a bakina, ƙamshin yana hawa mini har ka. Na tsani ɓerayen nan tsana ta gaske. Na taɓa tsayawa a kansu ina kallon yadda suke riƙe abinci da hannu biyu suna ci a natse kamar attajirai, na ji da ba azumi nake ba da na ɗauki curi ɗaya na jefa a baki.

Mu kuma da la'asar Iya takan ɗauki ƙwarya ta bi bayan gari ta yago tafasa da rama. Wani lokaci matan masunta su kawo mana bado daga tafki mu dafa. Ɗanɗanon laka gare shi, amma yana riƙe ciki. Kunun tsamiya kuwa ya yi ruwa har kana hango gindin ludayi. Zafin damina ba irin na bazara ba ne da ke ƙona ka ya ƙyale ka. Wannan lulluɓe mutum yake yi, gumi ya ƙi bushewa, kaya su manne a jiki, sauro ya fito tun rana ba ta faɗi ba. In hadari ya haɗu a gabas sai gaban kowa ya faɗi, don duk ɗigon da ya sauka kogi zai tafi.

Ran goma ga wata aka yi shela cewa ruwa ya fara lasar bakin jinga, kowane gida ya fitar da namiji. Na ga tsofaffi masu furfura suna ɗaukar buhun yashi da azumi, leɓɓansu sun bushe sun yi fari. Malam Yohanna, maƙwabcinmu, malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna, ya ce tunda shi ba azumi yake ba a riƙa ɗora masa biyu-biyu, har kafaɗarsa ta saluɓe. Mu mata muka zauna ɗinke bakin buhuna. Gidanmu ne kaɗai ba namiji. Namijinmu yana ɗaki da safar hannu, ya ce lokacin awo ya yi, kuma in ya taɓa ruwan kogi zai kwaso wa ɓeraye cuta. Da aka tambaye ni ina Bukar, na ce ba shi da lafiya. Ban ma yi ƙarya sosai ba.

A ranar ya fara gwajin, da akwati biyu. An wuni ana yayyafi mai sanyi. Washegari da safe masu lafiya suna ta zagaye akwati suna neman abin ci, masu hudar kunne kuwa sun taru a kusurwa, gashinsu ya mimmiƙe, jikinsu ya yi sanyi. Ɗaya ya kwanta a gefe yana numfashi da ƙyar, kafin hantsi ya mutu. Bukar ya rubuta a littafi, fuskarsa har da annuri, ya ce haka aka samu a ƙasashen waje. Iya tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta daɗe tana kallon mataccen.

Bayan kwana biyu ya cire wa wasu akwatuna biyu abinci. Bukar yana da ɗabi'a ɗaya: kafin magariba yakan tafi masallacin bakin titi, inda wani ɗan kasuwa ke raba dabino da ƙosai, ba ya dawowa sai an idar da asham. Da aka kira salla na fito daga madafa da kwanon kunu, na ga tabarmar Iya ba kowa, ɗan dambun ramar da na zuba mata kuma ba ya wurin. A ɗakin ƙofa, wurin ɓerayen, na same ta, ta durƙusa tana gutsura tana turawa ta ramukan waya, masu huda da marasa huda. Ko ruwa ba ta sha ba tukuna.

"Iya! Me kike yi?"

"Rage murya. An kira salla, ba ki ji ba?"

"Ai su ba su san an kira ba. Gwajin yaron nan ne fa."

"Fanna, Allah bai ɗora wa dabba azumi ba. Mu da ya ɗora wa, rana na faɗuwa ya ce mu ci. Shi wane ne da zai ƙara a kan haka? A ƙarƙashin rufina aka kulle su. Gobe ƙiyama ni za a tambaya, ba Farfesa ba."

"Ke kuma me za ki ci?"

"Kunu ya ishe ni. Loma ɗaya ce, me za ta ɓata? Wuni dai sun yi shi cif."

Ita har ga Allah haka ta ɗauka: azumi daga alfijir ne zuwa faɗuwar rana, abin da ya wuce haka zalunci ne, kuma duk mai ilimi ya san da wannan. Ni kuwa na yi sakandare, na san sarai loma ɗayan nan ta rushe komai. Da na gaya wa Bukar a ranar, da ya sa wa ƙofa makulli, ya ci gaba da sauran ɓerayen, magana ta ƙare. Ban gaya masa ba. Ba don tausayin Iya ba ne, kada in yi wa kaina ado. Don masararmu ne da kifina, da safar hannunsa, da kafaɗar Malam Yohanna. So nake in ga ya sha ƙasa sau ɗaya a rayuwarsa.

Haka aka yi ta yi. Duk ranar da ya cire abinci, Iya ta kai buɗe-baki, ta tsaya har sun cinye, ta share bakin waya da tafin hannu. A tsakiyar watan ruwa ya tsattsafo ta ƙasan ɗakin ƙofa, Bukar ya zo ya ɗauki gadon ƙarfen Iya ya jera akwatuna a kai, ita ta koma tabarma a kan danshi, kuma ita ta ce a bar shi. Ta rame, zaninta ya fara zagaye ta sau biyu, sau ɗaya jiri ya ɗebe ta a bakin murhu sai da na tare ta. Ɓeraye kuwa suka yi sumul.

Da safe Bukar ya ɗiga jini, ya ga sukarin masu huda daidai da na masu lafiya. Da farko ya ce na'ura ce ta lalace, ya aro ta matar Malam Yohanna, ma'aikaciyar asibiti. Abu ɗaya. Na zuba ido in ga ya rikice. Ina! Mutum irin Bukar ba ya rikicewa, sai dai ya gano sabon abu.

"Yaya, kin san abin da ya faru a ɗakin nan?" ya ce mini wata safiya. "Turawa a ɗaki mai sanyi suke ajiye ɓerayensu. Na farkon nan da ya mutu, ranar sanyi ne, kin tuna? Amma a zafin garin nan wani furotin dabam ne yake tasowa ya manne a gurbin wanda babu. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a duniya. A Haɗejia!"

"Ikon Allah," na ce. "A ɗakin ƙofa."

A nan ne kaɗai zuciyata ta ɗan tsinke, na ce masa ko zai ƙara dubawa, wataƙila akwai abin da ya kuɓuce masa. Ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifa.

"Yaya, wannan ba bandar kifi ba ce."

Na ce gaskiya ne, na koma wurin kifina.

Daga ranar ya hana a buɗe tagar ɗakin, kada zafi ya fita, wari ya cika gida har maƙwabta suka daina shigowa gaisuwa. Ya je tasha inda waya ke kamawa ya kira Farfesa. Ana saura kwana biyu Sallah ya kashe su duka, ya cire hanta ya jera kwalabe, bai bar ko ɗaya na iri ba, don Farfesa ya ce duka yake so. Iya ta haƙa rami a bayan gida ta binne gawarwakin, ta ƙi yarda a jefa wa kuliyoyi. Jinga ta riƙe ta wajenmu, gari ya tsira, amma ruwa ya bi ta fadama ya shanye gonarmu, ko kan shinkafa ba a gani. Ranar Sallah tuwon dusa muka ci da miyar tafasa.

Mako guda bayan Sallah Farfesa ya zo da kansa, mutumin da wata guda cur bai taɓa tambayar da me ake ciyar da ɓerayensa ba. Motarsa ta kasa shiga lungunmu. Ya tako cikin taɓo yana ɗage wando da yatsu biyu, hankici a hanci saboda hayaƙin banda. Na kawo masa ruwa a kofin da muke ajiye wa baƙi, ya karɓa ya ajiye a ƙasa kusa da takalminsa. Direbansa ya shigo da buhun shinkafa ya jingine a zaure. Shi yana kan kujera, Iya tana kan tabarma, yana yi mata magana da ƙarfi sai ka ce kurma ce.

"Mama, ɗanki ya yi abin da za a ji a duniya. Ɓerayen da kowa ya san ba sa jure yunwa, a gidanki sun wuni sun kwana ba ci, kuma ko gezau."

Iya ta gyara mayafi. Na san abin da ke zuwa.

"A'a, ranka ya daɗe, wuni dai suka yi. Ba su kwana da yunwa ba. Da an kira magariba nake ba su abin buɗe-baki. Tun na farkon nan ban yarda wani ya sake mutuwa a hannuna ba."

Da ɗan alfahari ta faɗa, irin na wadda ta yi jinyar baƙo ya tashi.

Ban taɓa ganin fuska ta zube kamar ta Bukar ba. Abin da na daɗe ina jira ke nan, da ya zo kuwa ban ji daɗin komai ba. Shekara uku, ba sauran ɓera ko ɗaya, ba kuma mai sake samo irinsu. Na ɗauka Farfesa zai tashi ya kaɗe riga ya tafi, kuma da haka ya yi da har yau ina ganin girmansa.

Bai tashi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya juya harshe zuwa Turanci, don a ganinsa mai bandar kifi ba ta jin Turanci. Ya tambayi Bukar ko an rubuta wannan a littafin gwaji. Bukar ya ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda ya sani ban da mutanen gidan. Ya ce babu. Sai Farfesa ya ce tsofaffi sukan rikita kwanaki, wataƙila ranakun da ba na gwaji ba take nufi. Shi dai abin da ke cikin littafi ya sani, kuma ya riga ya gaya wa abokan aikinsa na waje. Ya mai da tabarau, ya ce wa Iya da Hausa, "Allah ya saka da alheri, Mama, kin kula da su sosai." Ya sa aka kwashi kwalabe.

Na jira Bukar ya bi shi ya ce a'a. Ya bi shi ɗin, amma jaka ya riƙe masa har mota. Da ya dawo ya durƙusa a gaban Iya, abin da rabonsa da yi tun yana ƙarami.

"Iya, don Allah maganar nan ta tsaya a nan. Kada ki sake faɗa wa kowa komai a kanta, har ni. In ta fita shi ke nan, ba takarda, ba aiki."

"Wato na ɓata maka?"

"Ba ki ɓata ba, in dai ba ki sake faɗa ba."

"Amma abin da za ka rubuta ba haka ya faru ba."

"Iya, ba za ki gane ba."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "To."

Washegari Bukar ya koma makaranta. Ko ƙarar motar ba ta ɓace ba Iya ta ce in kira matan unguwar da ruwa ya ci gonakinsu. Na yi mata faɗa ina kuka, na ce mu ma ai ruwa ya ci tamu, Hauwa rabonta da tuwon kirki tun kafin azumi. Ta ce in ɗebar wa Hauwa kwano ɗaya, tunda ita yarinya ce ba ta san komai ba. Sauran ta sa na farke buhun na auna wa mata har na kakkaɓe shi.

Aka janye yajin aiki, Bukar ya karɓi takardarsa har da yabo. Ya samu aikin koyarwa, ya ɗora wani digirin a kan wannan, yau Dakta ake ce masa. Na ji daga bakinsa cewa wasu a waje sun ɗumama ɗakin ɓerayensu ba su ga komai ba, Farfesa ya rubuta musu cewa zafinsu bai kai na Haɗejia ba.

Iya ta cika alkawari. Ba ta daina sa masa albarka ba, in ya zo ta dafa masa miyar kifin da yake so, ta zauna tana yi masa fifita. Shi kuma, ba zan ci haƙƙinsa ba, duk farkon azumi sai mota ta zo da shinkafa da gero da sukari da mai. Direba na juya baya Iya za ta ce, "Fanna, kira su." Fiye da shekara goma ina auna wa mutane abincin ƙanena, sannan in koma bakin hayaƙi in nemo mana na yau. Akwai shekarun da banda ba ta kawo komai ba, muka koma tafasa, buhuna suna wucewa ta gabanmu. Sau ɗaya na tambaye ta ko haramun take ganinsa. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta yanke wa kowa hukunci ba, maƙogwaronta ne kawai ya ƙi.

"Da hannuna a ciki," ta ce. "Ni na ba su, ni kuma na ce to."

Bara ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, Dakta ya shigo tsakar gida ya zauna a 'yar kujerar mata, babbar rigarsa tana jan ƙasa. Ya yi kuka na gaske, wannan kam ban hana masa ba. Da ya share ido sai ya ce, "Yaya, abu ɗaya ke sanyaya mini zuciya. Tun da na fara aiki Iya ba ta sake kwana da yunwa ba. Ko ba komai karatun nan ya ciyar da ita."

Ni ban yi wa kowa alkawari ba.

"Bukar, ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ci ba."

"Kamar yaya?"

"Tun daga buhun Farfesa har na azumin da ya wuce. Tambayi matan unguwa, su suka ci. Ita kifina ta ci, ranar da babu kuma ta sha kunu ta kwanta."

Ya dubi ƙofar ɗakinta, labule a sake.

"Me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba?"

"Kai ka ce kada ta faɗa."

Na ɗauki buta na bar shi a wurin.